Gadon da Na Auna a Motar Kawu Sale

Mantawa dai ba zan taɓa yi ba, ko da na so, don mutanen unguwar Ka'akiyya sun ɗauki nauyin tuna mini har in tsufa. Amma tunda kowa ya ba da labarin yadda ya ga dama, bari ni mai abin in faɗi nawa. Ban yi don in ɗauki bidiyo in watsa a waya ba. Ba ni da aljanu, duk da ruwan tofin da Umma ta yi ta ɗura mini har cikina ya kumbura. Ban yi faɗa da kowa a gida na gudu ba. Su kuma masu cewa wai tsoron Allah ne ya kama ni na je gwada kwanciyar ƙarshe, na gode da kyakkyawan zato, amma ku ma ba ku canka ba. Wurin kwana nake nema. Wallahi shi ke nan. Wurin da zan miƙe ƙafata ba tare da ta sauka a bakin wani ba.

Mu a Kudai muke haya, nan cikin Makka, a wata shugga, wato sashen gidan bene, mai ɗaki biyu, ni da Umma da ƙannena. Duk wanda ya taɓa haya a yankin nan ya san sharaɗin: gidan naka ne har sai mausim ya matso, wato lokacin Hajji. Da ya matso, mai gida zai fara yi maka murmushi a matattakala, ka san ma'anarsa ka kwashe komatsanka ka ba alhazai wuri. Sai mu tattara mu koma Ka'akiyya gidan Kawu Sale, yayan Umma. Kuma ba mu kaɗai ba, don duk dangin da aka kora daga gidajen haya can suke nufa. Maza a ɗaki ɗaya, mata da yara a ɗaya, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, guda ɗaya yana nishi a bango kamar shi ma a kawo masa agaji. In kika tashi fitsari, kafin ki dawo an raba wurinki gado.

Ni kuma aikina zuba gahawa ne a bukukuwan Larabawa. Wanda ya san bikinsu ya san ba a tashi sai gari ya kusa wayewa. Lokacin da nake dawowa ƙafafuna a kumbure, lokacin yaran gidan ke tashi da ƙarfinsu. Mausim ɗin bara a kicin na riƙa kwana, tsakanin buhun shinkafa da tukunyar gas, har ranar da wata 'yar Kawu ta zo ɗaukar kofi ta taka mini kunne. Ko haƙuri ba ta ba ni ba, cewa ta yi, “To me ya kai kunnenki hanya?” A ranar na rantse ba zan sake irin wannan zaman ba.

Sai waya ta jawo mini. Na faɗa kan bidiyoyin Turawan nan da ke sayen tsohuwar bas su mayar da cikinta ɗaki: ga gado, ga ɗan kicin, ga labule, ga mata da miji suna shan shayi suna kallon dutse kamar ba su da dangi. Na kalli ɗaya, na kalli na biyu, kafin in ankara na zama injiniya. Na san sai an fara liƙa soso a bango saboda zafi kafin a rufe da katako. Na san a ƙarƙashin gado ake yin ma'ajiyar kaya. Na san yadda ake jera jarka biyu, ɗaya ta ruwa mai kyau ɗaya ta wanda aka yi amfani da shi. (Ni da ko ƙusa ban taɓa bugawa ta shiga daidai ba.) Yawon duniya dai ba ya cikin lissafina, don ban iya tuƙi ba, kuma wadda kullum hankalinta ke kan ranar da iƙamarta, takardar izinin zama, za ta ƙare ba ta da lokacin kallon dutse. Ni dai a ajiye mini motar a hoshin Kawu, wato farfajiyar gidansa, can gefen katanga, in jawo wayar wuta daga taga, in kafa ƙaramin mukayyif, in rufe ƙofa. Ɗaki na kaina, mai taya huɗu.

Motar ma ba sai na nema ba. Kawu Sale yana da wata farar bas da aka cire wa kujerun baya, yana kai wa masu bagala, wato kantunan unguwa, katan-katan na ruwa da lemo. In mausim ya zo kuma yakan samu aikin tuƙa manyan motocin alhazai zuwa Mina, sai bas ɗin ta yi ta zama a ƙofar gida. A ganina asara ce kawai.

Na same shi ranar wata Juma'a a ƙofar gida, waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu. Haka yake kullum.

“Kawu, in mausim ya zo ba ka aiki da motar nan, ko?”

“Tayyib,” in ji shi, wato to, ba laifi.

“Ina so in gyara cikinta in mayar ɗaki, in riƙa kwana a ciki.”

“Tayyib, tayyib, ya binti. La, la, ba da kai nake ba, katan nawa ka ce?”

“Makulli fa, Kawu?”

Ya nuna mini ƙusa a bakin ƙofa da haɓarsa. Ga makullin nan a rataye, a waje, inda duk wanda ya zo wucewa zai iya miƙa hannu ya ɗauka. Mai hankali da ya tsaya ya tambayi kansa wace irin mota ce ake rataye makullinta a titi. Ni cewa na yi a raina, Kawu dai akwai sakaci, Allah ya sa na zo da wuri kafin ɓarayi.

Da na koma gida na gaya wa Umma, tana tsinke ganyen mulukiyya, sai ta saki ganyen ta dube ni.

“Motar Sale? Farar?”

“Ita.”

“A'uzubillahi. Ke kam ba ki da tsoro? Ba ki san motar nan ita ce...”

“Umma, don Allah kar ki fara,” na katse ta. “Na san za ki ce zafi, za ki ce ɓarayi, za ki ce me mutane za su ce. Duk na yi tunaninsu. Kalas, zance ya ƙare.”

Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a, injiniya.” (Ku riƙe wannan wurin. Duk fushin da nake yi da jama'a, in na iso nan sai muryata ta ɗan yi ƙasa.)

Ranar da na fara buɗe ƙofar bayan motar, har tsalle na yi. A ɓangaren hagu akwai wani dogon dandamali na katako, tsayinsa daga ƙasa ya kai gwiwa, an lulluɓe shi da koren kafet. Gefe da gefensa ƙarfe ne siriri a miƙe, a tsakiya kuma ga bel mai ƙarfi da maɗauri. A ɗaya ɓangaren ga ɗan benci. Tsakanin direba da baya an toshe da allo. Ga wani ƙamshi na kafur da turare da ya kama kafet ɗin. Na ce kai, ashe Kawu ɗan gayu ne! Rabin aikin ma an gama mini. Ga gado, har da bel don kar mutum ya mirgino, ga bencin baƙi, ga maganin asu an riga an zuba. Na ɗauko mitir na auna dandamalin, na auna kaina. Ya fi ni da kusan kamu ɗaya. Na ce ko dogon mutum ne zai kwanta a nan ya sake.

Daga nan na shiga shiri gadan-gadan. Na zagaya kasuwar gwanjo na sayo soso da ƙaramar buta mai aiki da wuta da filo biyu. Na yi faɗa da wani kafinta da ya kalle ni sama da ƙasa ya ce in turo mijina su yi magana, na ce masa ya riƙe katakonsa ya yi wa kansa keji. Labule kuwa ban sayi ko ƙyalle ba. Duk shekara in muka dawo shuggarmu bayan Hajji, sai mun tarar da tulin tawul ɗin ihrami da alhazai suka bari, farare tas, har Umma ta rasa yadda za ta yi da su. Na wanke su, na goge, na ce ga labule, ga zanin gado, ga abin rufa. Sannan na sayo abin da ya fi ƙona mini rai yanzu in na tuna: fitilun nan ƙanana na ado masu jere a waya, irin waɗanda ake kewaye kujerar amarya da su, masu aiki da batir da ɗan rimot. A duk bidiyon da na kalla akwai su. Na ɗauka sharaɗi ne.

Ranar da abin ya faru, daga wurin biki na wuce gida na kwashi kaya, ban ko runtsa ba, na kama hanyar Ka'akiyya da hantsi. Lokacin sanyin Makka ne, wanda ba sanyi ba ne, zafi ne da ya koyi ladabi. Na tarar da gidan Kawu shiru, ba matarsa ba yara, layin ma ba kowa. Maimakon in tambayi ina mutane suka shiga, sai na ji daɗi, na ce yau ba mai sa mini ido.

Na cire abaya na rataye a bayan allon direba, na rage daga ni sai riga da wandon barci. Na rataya ihrami a kowace taga. Na kewaye rufin da fitilun, kuma da yake na karanta cewa salatif ba ya jure zafi, sai na bi su da gam mai ƙarfi, irin wanda in ya kama yatsa sai da fata. Akwatin batir ɗin ma na liƙe shi can ƙarƙashin dandamali inda ba zai ɓata mini tsari ba. Na kunna. Wallahi ya yi kyau. Ko yanzu da nake jin haushi ba zan ce bai yi kyau ba.

Saura gwajin gado. Na ja ƙofa na rufe, na hau na miƙe. Na ce bari in ga ko bel ɗin nan yana aiki, na ja shi na ɗaure a ƙuguna, ya yi ƙas. Ƙuda ɗaya ya dame ni, sai na jawo babban ihrami na rufa tun daga yatsun ƙafa har kai. Turawan nan kullum suna cewa daɗin kwana a mota shi ne jin saukar ruwan sama a rufi. To mu a Makka ina za mu jira ruwa? Na toshe kunnuwana da abin sauraro, na kunna ƙarar ruwan sama a waya. Na ce minti kaɗan kawai, in ji yadda abin yake.

Wanda ya kwana a tsaye yana zuba gahawa ya san ƙarshen wannan zancen.

Abin da ban sani ba, da asubar ranar Allah ya yi wa Baba Haruna rasuwa, wani dattijo da ke bayan layin su Kawu, wanda ya ƙare ƙarfinsa yana dakon kayan alhazai a Mina. Can duk unguwar ta tafi. An yi masa wanka da sutura a gida, ana sauri a kai shi Harami a sallace shi bayan la'asar. Kuma abin da kowane yaro a Ka'akiyya ya sani, ban da ni baƙuwar mausim, shi ne farar motar Kawu ita ce motar da mutanenmu ke ɗaukar gawa da ita. Dandamalin nan wurin ɗora makara ne. Ƙarfen gefe don ta zame ta shiga ne. Bel ɗin kuwa, to, kun gane.

Kawu ya zo da nasa makullin, waya a kunne, ya shiga gaba ya tayar da mota ya nufi gidan rasuwar. Bai leƙa baya ba, me zai leƙa? Ni kuma bel ya riƙe ni tsam, ruwan sama na zuba a kunnena, ina jin ana jijjiga ni a hankali, ina cewa a cikin barci kai, wannan gado akwai daɗi.

Abin da ya fara farkar da ni haske ne ta cikin ƙyallen, da iska a tafin ƙafata. Abin sauraro ɗaya ya zame daga kunnena, sai na ji muryoyin maza da yawa suna salati, sannan ɗif, kamar an kashe rediyo.

Wani ya ce, “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sale, wannan kuma wane ne?”

Na ji muryar Kawu. “Wallahi... wallahi ban sani ba.”

“Ko ta wancan satin ce ka manta ba ka sauke ba?”

“Haba Malam! Da hannuna na kama aka sauke ta!”

“To su wa suka sa mata fitila?”

Ni duk wannan a cikin magagi nake jin sa. A zatona muna tsakiyar mausim ne, 'ya'yan Kawu ne suka zo da iskancinsu. Haushin shekara da shekaru ya taso mini. Daga cikin farin ƙyallen nan, ban ko buɗe fuska ba, na daka tsawa iya ƙarfina:

“Wane marar mutunci ne ya buɗe mini ƙofa? Ko a nan ma ba za a bar mutum ya huta ba?”

Na yunƙura zan tashi, bel ya mayar da ni. Na sake yunƙurawa, ina mutsu-mutsu, ƙafafu na harbin iska, ƙyalle ya naɗe mini kai.

An ce layin nan bai taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Dattawan da ke sallah a kan kujera saboda ciwon gwiwa, ranar sun tsallake kwata. Takalma kuwa sai da aka tara su a kwali daga baya kowa ya zo ya nemi nasa. Waɗanda na fi tausayawa su ne masu ɗauke da makarar Baba Haruna a kafaɗa, don su ba halin gudu. Suka tsaya cak, idanu a rufe, kowa na karanta abin da ya zo bakinsa. Allah ya saka musu, ba su sake shi ba.

Da ƙyar na fizge ƙyallen daga fuskata. Ku tuna daga biki nake: kwalli ya zubo har kumatu, kitso rabi a tsefe, kai ba ɗankwali. Na ɗago ido, sai ga maza cike da titi, na kusa sun ja baya, na nesa suna leƙe ta bayan motoci, mata sun cika tagogi. A saman kaina fitilu suna ta walƙiya abinsu.

Liman ne kaɗai bai gusa ba, wani siririn tsoho mai farin gemu, shi ma ina jin ƙafafun ne suka ƙi. Kawu ya matso a hankali, ya leƙo, ya ƙura mini ido.

“Ke? Ke ce? Ya bint, me kike yi a nan?”

“Kawu, kai fa ka ce tayyib!”

“Na ce tayyib? Ni ko ɗan sanda ya tare ni tayyib nake cewa! Yaushe kika taɓa jin na saurari abin da ake faɗa mini?”

“To ka kwance ni mana!”

Maɗaurin ya ƙi buɗuwa. Ni ina ja, Kawu yana ja, yana zagina da Larabci yana komawa Hausa in Larabcin ya ƙare. Sai Liman ya yi gyaran murya, ya ce cikin natsuwa, “Jama'a, la'asar na matsowa. A fito da mai ran, a shigar da mamacin.”

Ban taɓa jin jimlar da ta kashe ni irin wannan ba.

Bel ya buɗe. Aka fara miƙo kayana waje hannu da hannu kamar ana kwashe gidan da ya kama wuta: filo, buta, jarka, soso, mitir. Ni kuma na duro ƙasa, na nemi abaya na tuna tana can rataye a bayan allon direba, ga makara har an fara zura ta. Ba yadda na iya, na naɗe jikina da ihramin nan har kai, na tsaya a gefen titi kamar alhajin da jirginsa ya tashi ya bar shi.

Saura fitilu. Wani ya kama wayar ya ja, gam ya ce bai san zancen ba. Aka nemi batir, yana can ƙarƙashin dandamali, makara ta riga ta hau kai.

“Kashe wannan abin!” in ji Kawu.

Na lalubo rimot na danna. Suka koma ja da kore. Na sake dannawa, suka fara gudu suna zagaye rufin. Na danna na uku, suka shiga ƙyaftawa da sauri kamar an buɗe filin rawa.

“Bar shi! Bar shi haka, kar ki ƙara!” Kawu ya fizge rimot ɗin ya jefa aljihu, ya rufe ƙofa. 'Ya'yan mamacin suna zaune a bencin baƙina, sun sunkuyar da kai, haske na sauya launi a kan fararen rigunansu. Haka motar ta tashi. Haka Baba Haruna, bawan Allah da bai taɓa sa ko agogo mai ƙyalli ba, ya tafi Harami.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce ta gidan rasuwar, sai kawai na ji hannun mata ya jawo ni ciki. Falon cike, ana ta jan carbi. Wa zan gani a tsakiya? Umma. Ashe tun safe ta zo gaisuwa, ta yi ta kiran wayata ina can ina shan ruwan sama. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta rufe fuska da mayafi, ta ce wa ta kusa da ita, “Ban san ta ba.”

Aka tura ni gaban Inna Rabi, matar marigayin. Na durƙusa. Na ce, “Inna, don girman Allah ki yafe mini. Wallahi ban sani ba. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba.”

Idanunta sun kumbura da kuka. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, ke ce kika sa masa fitilun?”

“Ni ce, Inna. Ba shi na sa wa ba, wa kaina na...”

“Ranar aurenmu a bayan motar kaya aka kawo ni, cikin duhu, ko tocila babu. Na yi ta yi masa gori har muka tsufa.” Kafaɗunta suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce ta taho tare da hawayen. “Shi ga shi ya samu nasa. Tashi, Allah ya shirye ki. A ba ta abaya, kar ta sake kashe mana wasu.”

Falon ya ɗauka, wasu na dariya suna istigfari, wasu na harara ta. Na fi son masu hararar, wallahi. Harara tana ƙarewa.

Dariyar ce ba ta ƙare ba. Kafin a yi sadakar uku labarin ya isa Kudai, ya wuce Jidda, har wata 'yar uwarmu ta bugo daga Kano tana tambaya wai da gaske ne an sallace ni na farka. Yaran Ka'akiyya suka sa mini Hajiya Fatalwa. Mai bagalar layin in na shiga sai ya dafe ƙirji ya ce, “Bismillah, yau kuma daga ina?” Ban taɓa ba shi amsa ba, don abin da ke bakina ba na faɗa a kasuwa ba ne.

Da ƙura ta lafa na je na sami Kawu, wannan karon na sa ya ajiye wayoyin duka biyu a kan tabarma. Na ce, “Kawu, mutum nawa ne a dangin nan? A rasa wanda zai ce mini motar gawa ce?”

Ya ce, “Wa zai gaya miki abin da kowa ya sani? Motar nan ni ke tuƙa ta, amma ba tawa ni kaɗai ba ce. Mutanen unguwa suka haɗu suka yi katakon nan, don in namu ya rasu kar a tsaya jiran motar wani. Shi ya sa makulli ke waje. Ko ina Mina, wani zai ɗauka.”

Umma tana gefe ta ce, “Ni na buɗe baki, aka ce kar in fara.”

Na yi kamar ban ji ba.

Kawu ya sosa gemu ya ce, “Amma in har kina so, ki kwana a ciki da mausim, mafi mushkila, ba matsala. Sharaɗi ɗaya: duk lokacin da aka ƙwanƙwasa, ko tsakar rana ko tsakar dare, ki naɗe shimfiɗarki ki ba mai wurin wurinsa. In an dawo ki ci gaba.”

Da gaske yake, ba wasa a fuskarsa. Wato can mai gida ya tashe ni saboda alhazai, nan kuma a tashe ni saboda mamata. A duk garin nan ba inda zan kwanta sai akwai wanda ya fi ni buƙatar wurin. Na ce masa na gode, a bar wa masu shi.

Abin da na koya bai da yawa, kuma ba na son a yi mini wa'azi a kansa. In kika ga abu ya zo daidai da ke tun ba ki taɓa shi ba, tsayi daidai, faɗi daidai, har da abin ɗaurewa, to ki tsaya ki tambayi wa aka yi wa shi. Kuma in babba ya fara magana, ki bari ya kai aya, ko da kin tabbata shirme zai faɗa. Wani lokacin a ƙarshen jimlar gawar take.

Amma duk wanda ya ɗauka na haƙura zan koma kicin, bai san ni ba. Mausim na tafe, kuma soso da filo da buta suna nan. An kwatanta mini wani tashlih a bayan gari, inda ake zubar da motocin da suka gama aiki. Ranar Asabar zan je, na riga na yi magana da mai motar da zai jawo mini ita har hoshin Kawu. Bas nake so wadda ba inji, ba taya, ba sitiyari ma in da hali. A ɗora ta a kan bulo, in sa sakata ta ciki. Duk wanda ke son ya kai ni wani wuri ina barci, sai dai ya tara unguwa su kinkime ni da motar gaba ɗaya.